Cinyar da Yaran Gari Suka Ƙwace Mini

Kafin masu jinya su fara zuwa asibitin unguwarmu, ta riga ta share baranda, ta goge sikelin awon yara, ta jera cokula a faranti. Sai ta jawo bencinta mai gajeriyar ƙafa, ta tokare shi da bulo, ta zauna ta shimfiɗa tsohon zane a cinyarta. Haka take yi tun ina firamare, ga shi yau ni ma ina da 'ya. Yara suna kiranta Inna Mai Ɗaci. Ni Inna kawai nake ce mata, don ita ta haife ni, ko da yake in ka ga yadda 'ya'yan mutane suke hawa jikinta sai ka rantse ni ce baƙuwar.

Ma'aikaciyar lafiya ce, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na ce bari in jinjina mata a gaban jama'a, amma ku sani tun yanzu, da kishi zan yi.

Aikinta ya fi ƙarfi a kan tsargiya, ciwon nan da ke sa yaro fitsarin jini. Daga ruwan tafki da rafi ake ɗaukarsa, inda ƙananan dodon koɗi suke. Ana raba maganinsa a makarantu, amma Inna ta ce ina aka bar waɗanda ba su isa makaranta ba? Su ba sa iyo, amma ana zaunar da su a bakin rafi lokacin wanki, ana kuma yi musu wanka da ruwan da aka ɗebo yanzu-yanzu. Waɗannan ƙananan ta sa a gaba.

Maganin ɗaci ne da shi kamar me, ƙwayar kuma ta fi ƙarfin maƙogwaron ƙaramin yaro. Sai ta auna nauyin yaron, ta tabbatar ya ci abinci, ta daka ƙwayar ta dama a cokali. Ba ta yarda uwa ta ba shi. Ita take ɗora shi a cinya ta ɗura masa, wai gara ya tsane ta da ya tsani uwarsa. Kuma ba ta sakinsa nan take. Tana rungume da shi har jiri da murɗar ciki su lafa, don ta san uwar da ta koma gida ta ga ɗanta yana amai za ta gaya wa duk layinsu cewa maganin ba shi da kyau.

To ni ina ina a duk wannan? Ina tsaye a bakin ƙofa da jakar makaranta, ina kallon wani mai majina ya kwantar da kai a ƙirjin uwata. Ta hana ni zuwa rafi, ruwan wankana sai an tafasa shi ko ya kwana biyu a randa. Duk sa'o'ina sun yi fitsarin jini, ban da ni. Wallahi har leƙa fo nake yi ko Allah zai sa in ga ja, ni ma a ɗora ni a cinyar nan.

Shaidunta suna da yawa, kuma kowanne haushi yake ba ni. Telan da ke kusa da kasuwa ya ce a kan idonsa ta tattare zane ta shiga laka har gwiwa cikin dogon takalmin roba, ta tsamo dodon koɗi ta nuna wa mata masu wanki. Wata mai sayar da mai ta ce ɗanta ya yi wa Inna amai tun daga wuya har cinya, ko tsaki ba ta yi ba. Akwai wani direba, ƙato da gemu, da ya ƙi barina in sauka sai da ya gama ba ni labari.

"Ai Innarmu ce," in ji shi. "Ni na cije ta a yatsa, har yanzu tabon yana nan."

Na ce masa, "Innarku ko? To, a gaishe ku."

Ke ce mai cinyar da ba ta hutawa, Inna. Ke ce kika sha cizo da yaƙushi da zagin masu koyon magana, kika bar iyayensu mata da daɗin rarrashi.

A watannin baya na kai 'yata gidan surukaina muka yi kwanaki. Can da ruwan tafki suke aiki, ni kuma kunya ta hana ni cewa a tafasa. Bayan mun dawo da wasu makonni na ga ja a wandonta. Nan take na goya ta sai asibiti. Na zaci Inna za ta miƙe da ganinmu, amma da haɓa ta nuna mini ƙarshen layi.

Da aka zo kanmu aka gwada fitsarin, ya tabbata. Ta auna jikarta, ta ba ta ayaba, ta ɗura mata maganin. Yarinya ta tsala kuka, sannan ta lafe a jikin kakarta tana ajiyar zuciya. Ina tsaye a bakin ƙofar nan dai, na ji ina kishi da 'yar da na haifa.

"Inna," na ce, "kowa ya hau cinyar nan. Har wannan ta riga ni."

Ba ta ɗago kai ba, tana shafa bayan yarinyar.

"Duk wanda kika ga ya hau nan, ciwo ne ya kawo shi," ta ce. "Kullum in na ɗauki ɗan wani, addu'ata Allah kada ya kawo ranar da zan ɗauke ki. Ya kuwa amsa mini."

Na baro bakin ƙofar. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ni da girmana, na jingina kaina da gwiwarta. Matan da ke layi suka yi kamar ba su gani ba. 'Yata ta warke, fitsarinta ya washe.

Na gode, Inna. Allah ya biya ki, ya ba gwiwoyinki hutu. Ta yarda za ta dawo gidana da zama, na gyara mata ɗaki. Sai dai tun ba ta tare ba mata sun fara tare ni a hanya suna neman kwatancen gidan.

Saboda haka ina roƙonku, ku matasan ma'aikatan lafiya, ku je ku zauna kusa da ita kafin watan ya ƙare. Ku ga yadda take riƙe cokali, ku koyi haƙurin zama da ɗan wani har cikinsa ya lafa. Iyaye kuma ku tafasa ruwan wankan ƙananan yara, in kun ga ja kada ku jira. Ku karɓi yaranku da aikinku, don Allah, ku bar mini uwata.