Mutumin da Ya Rufe Sabis a Gindin Katanga

A Sokode, in ka ce kana neman Esofa Wuro-Sama sai a tsaya ana sosa kai, amma in ka ce mai wayoyin makaranta, ko yaro zai nuna maka ƙofarsa. Shi ke kula da kwamfutoci da intanet na wata sakandare da ke bayan unguwar Koma. A takarda sunan aikinsa dogo ne da Faransanci, mai cika baki. A aikace kuwa duk abin da ke da igiya nasa ne. Fanka ta tsaya, a kira Esofa. Lasifikar taro ta shaƙe, a kira Esofa. Malamin kimiyyar da ke koya wa yara yadda lantarki ke tafiya ba ya yarda ya taɓa soket da hannunsa, sai ya turo a kira Esofa.

Ɗan direban babbar mota ne. Ya yi shekaru a Lome yana gyaran waya a wata rumfa da rana, da yamma yana zuwa aji, har ya samu takardar da ta dawo da shi gida lokacin da idon ubansa ya fara mutuwa. Siriri ne, mai tabarau, ba shi da yawan magana. Kwamfutocin da ya gada a makarantar wasu baƙi ne suka kawo su, suka ɗauki hotuna da yara suna murmushi, suka shiga mota, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Fiye da rabi sun mutu. Aikin Esofa shi ne ya feɗe matattun ya ciyar da masu sauran numfashi. Ba wanda ya taɓa ce masa sannu ranar da komai ke aiki, amma ranar da abu ya tsaya har mai shara sai ya harare shi.

Abu ɗaya ne a aikin nan yake faranta masa rai, shi ma ba ya cikin abin da aka ɗauke shi yi. Eriyar da ya ɗaura a kan tankin ruwa tana zubar da sabis har bayan katangar makaranta. Ya sani, ya bari, kai har ɗan karkata ta ya yi wajen titi. Kuma Sokode gari ne da kowane gida ke da matafiyi, wani a Jamus, wani a Gabon, wani a Libiya. To da an yi la'asar sai ka ga mutane sun jeru a gindin katangar nan, kowa da waya a kunne, wannan na dariya, waccan na kuka, wani tsoho na yi wa ɗansa faɗa daga nisan duniya kan kwanon rufin ɗaki. Esofa kan leƙo ta taga ya ji kamar shi ma ya yi wani abu a rayuwa.

A cikin 'yan katanga ba wadda ta kai Inna Bariyetu tsufa a wurin. Koliko take soyawa, doyar da yaran makaranta ke rububi a kanta, kuma wurin kaskonta daidai inda sabis ya fi ƙarfi. Ɗanta Latifu mai walda ne. Kafin ya kama hanyar arewa ya saya mata waya, ya kawo ta gindin katangar ya haɗa mata, ya ce, "Inna, a nan za ki riƙa jina." Ita kuwa ta riƙe maganar kamar karatu. An taɓa sa mata data ta kanti, wayar ta cinye ta a yini ɗaya ba tare da Latifu ya ce uffan ba, daga nan ta yanke cewa sabis ɗin kanti bai san hanyar ɗanta ba.

Tana son Esofa. In ya zo sayen koliko sai ta ƙara masa, ta ce, "Ci, ɗana, ka yi ƙiba. Wannan wuyan naka ko zakara ya fi ka. Matarka ba ta dafa maka ne?"

"Tana dafawa, Inna. Wayoyin ne ke shanye ni."

"To su shanye ka, amma ka bar mini tawa."

Da farko Latifu ba ya tsallake mako. Ya kira daga Agadas, ya kira daga Sabha ta Libiya, ya turo hotonsa ya rame yana dariya. Da damina ta sauka sai kiran ya ɗauke. Inna ta ci gaba da jingina wayar da buhun gawayi tana suya, ido ɗaya a mai, ɗaya a gilashin wayar. Ta daina tsokanar kowa. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sai ta zagaya shi sau biyu. Maƙwabta suka ce ba ta cin abinci, ba ta barci. Unguwa duka ta ji raɗe-raɗin cewa ayarin su Latifu sun shiga kwalekwale ya kife da su a teku, amma ba wanda ya gani da ido, kuma a wurinmu ba a yi wa uwa gaisuwar matafiyi da jita-jita. Kowa ya ja bakinsa.

Ana cikin haka jandarmomi suka zo makaranta. Wasu samari da ke zama a ƙarshen katangar ashe damfarar mutane suke yi ta waya, aka bi sawu ya faɗo kan layin makaranta. Shugabar makarantar, Madam Akosiwa, ta sha tambayoyi har ta fita hayyacinta. Suna tafiya ta kira Esofa.

"Malam Wuro-Sama, makaranta na ba ka ko tashar mota? Yau jandarma, gobe kotu? Ka rufe abin nan. Duk wanda ba malami ba, ba ɗalibi ba, kada ya sake shiga."

Gaskiya ce da ita, shi ma ya sani. Ya sa lambar sirri, ya mayar da eriya fuskar ajujuwa. Amma kafin ya tashi daga kujera ya koya wa akwatin rarraba sabis ya gane wayar Inna Bariyetu, ya bar mata kafa ita kaɗai, don inda kaskonta yake har yanzu sabis na kaiwa. Niyyarsa in mutane sun watse ya raɗa mata.

Ranar an yi hayaniya a gindin katanga. Aka zagi Madam, aka zagi gwamnati, aka zagi Turawan da suka ƙirƙiro abin. Da ƙura ta lafa Esofa ya fito ya nufi kasko. Bai buɗe baki ba Inna ta miƙe da matsami a hannu, idonta na walƙiya irin yadda ya daɗe bai gani ba.

"Ashe ku ne! Ni ina can ina kwana zaune, ina ganin ruwa, ina ganin rairayi, ashe ku ne kuke matse layin tun farkon damina! Kaɗan-kaɗan kuna shaƙe shi, yau kun ƙarasa. Yaron nan yana can yana ta kira, yana cewa me ya sami Innata. Kai Esofa, ka ji tsoron Allah!"

Faɗa take yi, amma murna ce a fuskarta, kowa ya gani. Ta juya ta ce da mai shinkafa da wake ta kusa da ita ta zuba mata kwano guda, ta zauna ta cinye tas a gabansa, tana ci tana zaginsa. Ya fasa maganar da ya zo da ita. In ya ce mata wayarta a haɗe take, ya gaya mata ke nan cewa babu mai kira. Ya sunkuyar da kai ya koma ciki.

Tun daga ranar kowace la'asar yana ganin wayarta ta shigo a allon kwamfutarsa. Takan shigo ta tambaya ko akwai saƙo, a ce mata babu, ta jira, ta sake tambaya. Shi kaɗai ne a duniya yake kallon wannan. Yakan yi addu'a a ransa ko da kuskuren lamba ne wani ya kira. Wani lokaci ya rufe allon don kada ya gani, can kuma ya buɗe.

A waje kuwa Inna ta farfaɗo. Kumatunta suka dawo, muryarta ta dawo, ta samu abin yi: ba wanda zai sayi koliko bai ji labarin mara imanin da ya raba uwa da ɗanta ba. Ta daina sayar masa. In ya wuce sai ta tofar da yawu gefe. Masu jin haushin rufe katanga suka samu inda za su sauke, suka bi bayanta. Waɗanda suka san abin da ake raɗawa game da Latifu su ma suka bi, don zagin Esofa ya fi musu sauƙi a kan kallon idon tsohuwar. Wannan kam halinmu ne, ba na ɓoye shi.

Abin ya bi shi har gida. Matarsa Rekiyatu ta dawo daga famfo idonta jawur.

"Yau ma ba wadda ta amsa gaisuwata. Baban Faridu, mece ce a ciki? Ka buɗe wa tsohuwar nan mana. Maɓalli ɗaya ne fa za ka danna."

Ya gaya mata komai. Ta saurara har ya gama.

"To har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Bakin tsohuwa fa ba abin wasa ba ne. Muna da ɗa."

"Na sani."

"Ka sani, ka sani. Kai komai ka sani, shi ya sa kake ta bushewa." Ta share ido da bakin mayafi ta shiga kicin. Ba ta sake ce masa ya buɗe ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Esofa ya taɓa ɗauka cewa aikinsa haɗa mutane ne. Yanzu ya ga abin da igiyoyin nan suka yi wa garin. A zamanin ubansa in mutum ya tafi, shiru ba labari ba ne, uwa kan yi shekara goma tana cewa hanya ce ta yi nisa. Yanzu an sa wa kowace uwa gilashi a hannu, shirun mako biyu ya isa ya kashe ta. Ba shi ya ƙirƙiro abin ba, amma shi ya ɗaura shi a kan tanki ya karkata shi wajen titi, yana jin daɗi. Baƙin cikin wannan bai taɓa sakinsa ba.

Da damina ta ja baya Inna ta canja dabara. Ta yi wanka ta sa zaninta na zuwa suna, ta shiga ofishin Madam Akosiwa. Madam mai zafi ce amma ba mai taurin zuciya ba, ita ma tana da ƙane a ƙetare. Ta riƙo hannun tsohuwar har ɗakin kwamfuta, inda Esofa ke tsugune yana kwance cikin wata matacciyar kwamfuta.

"Malam Wuro-Sama, na yarda. Ka buɗe wa Mama ita kaɗai, in wani abu ya taso ni zan amsa." Ta dafa kafaɗar Inna. "Mama, yanzu magana tana hannunsa." Ta fita tana jin ta yi aikin lada.

Suka rage su biyu, sai ƙarar fanka. Inna ta ciro wayar daga ƙullin zani ta miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Sai ta yi abin da bai taɓa zato ba, ta dafa tebur ta sauka a hankali har gwiwoyinta suka taɓa siminti.

"Subhanallahi! Inna, tashi, don Allah tashi."

"Ba zan tashi ba. Ɗana, na zage ka, na sani. Bakina ne, ka yafe mini. Ba kullum nake roƙo ba, yammacin yau kawai. Ya ji muryata, in ji tasa, in ce masa ina nan lafiya. Daga nan ka rufe abinka har abada."

Allon yana bayanta. Ta saman ɗankwalinta yana hango wayar a haɗe, tana tambaya, ana ce mata babu. Ya san abin da zai biyo baya in ya karɓa ya yi kamar ya danna wani abu. Za ta koma gindin katanga ta zauna, magariba ta yi, gobe ta yi, jibi ta yi, kuma ba sauran wanda za ta zaga. Ya kuma san cewa ba shi da ikon yanke wa uwa abin da za ta sani game da ɗanta. Duka biyun gaskiya ne, kuma tana durƙushe tana jira.

"Inna, ba zan buɗe ba."

"Shugabarka ta yarda."

"Ita ta yarda. Ni ne ban yarda ba."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Ya miƙa hannu zai taimaka mata ta tashi, ta buge hannun. Da ƙarfinta ta miƙe, ta ƙulle wayar a zani, ta gyara ɗankwali. Muryarta ko rawa ba ta yi.

"Latifu zai dawo ya same ka a garin nan. Kai kuma, Allah ya raya maka naka. Ya girma, ya yi nisa, ya kira ka, a rufe maka."

Esofa ya ce, "Na ji, Inna." Ya riƙe mata ƙofa har ta fita.