Kaka Ta Ƙi Tuwo

Ranar wata Alhamis ce cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu, lokacin ba a zuwa lakwal, wato makarantar boko, ran Alhamis. Muna tsakar gidanmu a unguwar Zariya ta Maradi, ni da Zali ɗiyar maƙwabtanmu, muna surfen hatsi ƙarƙashin icen bedi, zufa na bin wuyanmu, kaji na kewaya turmi suna jiran abin da zai faɗo. Daga zaure, inda Baba ya kafa kekensa na ɗinki, kiɗan rediyonsa na shigowa. Wani kaset ne da direban kamiyo, babbar motar kaya, abokin Baba, ya kawo masa daga Kwatano, ba hoto ba rubutu, sai dai an ce mutanen Zayir ne ke waƙar. Jitarsu tana gudu kamar ruwa cikin indararo, muryoyinsu kuma laushi, amma duk unguwarmu babu mai jin kalma ɗaya daga abin da suke cewa. A waƙa ta uku akwai wurin da ganga ke sake taki, mawaƙin ya ɗaga murya ya maimaita magana guda har sau huɗu. Na sha jin wurin, amma ran nan da taɓarya ta sauka daidai da gangar sai kunnena ya ji Hausa tsaf, bakina kuma ya faɗa ban shirya ba: "Kaka ta ƙi tuwo, a dama mata hura!" Zali ta saki taɓarya ta durƙusa tana dariya har da hawaye. Inna ta leƙo daga madafa, Baba ya tsayar da keke ya maido waƙar baya, kowa ya kasa kunne, kowa kuma ya rantse abin da mutumin ke faɗi ke nan.

Ni ba yarinya ce mai ba mutane dariya ba. Tun ina ƙarama Allah ya yi ni da fargaba. In an aike ni sayen daddawa sai na dawo daga rabin hanya in sake tambaya ko daddawa aka ce ko kuka. In na yi alwala sai in tsaya ina tunanin ko na shafi kunnen hagu, in sake daga farko. A aji, ko na san amsa ba na ɗaga hannu, don kada malaminmu, da muke ce wa Mushe, ya kira ni in tarar ashe ba ita ba ce. Inna kan ce mini, "Uwani, ki rage wa zuciyarki kaya," amma ita ce kuma kan ce mana, "Ku kiyayi bakinku, ba ku san sa'ar da za a ce amin ba." Ta farkon ba ta zauna mini ba, ta biyun ce na riƙe. Duk da haka, ran nan na ji daɗin da ban taɓa ji ba, don karon farko ke nan da na yi magana gida ya ɗauka.

Ba gida kaɗai ya ɗauka ba. Kafin sati ya zagayo Zali ta kai ta lakwal, ƴan mata suka sa ta cikin gaɗa lokacin hutun tara, masu sayar da ɗanwake a bakin ƙofa suka koya. Kaset ɗin nan ma ya sha yawo, wannan ya ara ya naɗa, wancan ya ara ya naɗa, har ya kasance kusan kowane mai shago da mai shayi yana da nasa. Namu kuwa ya sha wuya. In pil, wato batir, ya yi sanyi muryar mawaƙan ta koma ta tsofaffi, sai mu jera pil ɗin bisa katanga rana ta gasa shi. Baba ba ya yarda a maida waƙa baya da rediyon, sai dai a zura bik na rubutu cikin ramin kaset a juya da hannu, kuma aikina ne. Sau biyu rediyo ya tauna zaren, Baba ya yanke wurin da almakashi ya liƙe da jan farcen Inna, shi ya sa waƙarmu ke ɗan tuntuɓe a wurare biyu, mu ma in muna rerawa sai mu yi tuntuɓen tare da ita. Wata rana na raka Inna Jiratawa wurin danginta, muna tsinkar zogale a garka, sai na ji wasu ƴan mata da ban taɓa gani ba suna wanki bakin hanyar ruwa suna cewa kaka ta ƙi tuwo. Ban gaya musu ni ce ba. Na dai sunkuyar da kai ina murmushi cikin ganye.

Da aka ba da bakansi, dogon hutun lakwal, aka kai ni Tsibiri wurin Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta, shi ya sa ba a kiran sunana na yanka a gida sai Uwani. Ita kuwa takwara take ce mini. Doguwa ce, siririya, ba ta zama. Da asuba ta share gida, ta ba awaki dusa, mu ɗauki hura da tulun ruwa mu kai wa masu noma gona, a hanyar dawowa mu tsinko sure da tafasa mu cika zane. Da la'asar ni da ƴaƴan baffana mu yi carafke a gindin rumbu, ko mu bi fara cikin ciyawa. Waƙar ta riga ni isa Tsibiri. Yaran gidan suna yi a gaban Kaka don su tsokane ta, ita kuma ta ɗaga muciya ta ce, "Ku bari in ƙi ku gani, wa zai tuƙa muku?"

Sai ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki, ganyen hatsi ya fara naɗewa, cikin wannan halin kuma Kaka ta kwanta da masassara. An kai ta likita an yi mata allura, zafin jikin ya sauka, amma abinci ya gagara. Matar baffana ta tuƙa mata tuwo mai laushi da miyar kuka, ta kawar da kai. Aka sake da miyar sure, ta ture akushin. Ina tsaye bakin ƙofa na ji matar baffana ta fito tana ce wa wata maƙwabciya, "Ta ƙi tuwo sam, sai dai a dama mata hura, ita ma kurɓi biyu." Maganata ce kalma da kalma, ba ragi ba ƙari. Ni na fara faɗa, ni na sa Maradi da Tsibiri da Jiratawa suka yi ta maimaitawa wata uku, ga shi an ce amin.

Ban gaya wa kowa ba. Na zauna na yi tunani irin na ƴar shekara goma, na ga tsakanin ƙi da ci ba nisa, in dai aka juya kalmar wataƙila abin ya juya. Sai na riƙa zagawa bayan ɗakin Kaka ina rerawa ƙasa-ƙasa, kaka ta ci tuwo, kaka ta ci tuwo. Na ce sai na yi daidai yawan wadda na yi a baya, na tara tsakuwa cikin gwangwani ina jefa ɗaya duk sa'ar da na rera, amma ban san yawan ta bayan ba, kuma ko na biya tawa, wa zai biya ta Zali da ta ƴan lakwal da ta masu wankin Jiratawa? Na roƙi ƴaƴan baffana su riƙa cewa ci, na ba su goribata da rabon gujiyata, suka karɓa suka cinye, da suka fita waje na jiyo su suna cewa ƙi, wai ita ta fi daɗi a baki. Kullum da safe in leƙa akushin Kaka in ga tuwo yadda aka kai shi. Wuyanta ya ƙara tsawo, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Ni ma tuwon ya daina wuce mini.

Ran Juma'a Baba ya zo daga Maradi bisa moto mai taya biyu, ya ɗauro rediyonsa a baya don ya ɗebe wa mahaifiyarsa kewa. Da na ga kaset ɗin a ciki sai na ji tsoron a kunna shi gaban Kaka. Yana fita masallaci na zare shi na tura ƙarƙashin rumbu. Ban kai ga tashi ba wata sabuwar fargaba ta kama ni, ga laifin baki ga na sata, kuma ran Juma'a. Na jawo shi na goge da zanena, na rasa inda zan kai shi, sai ƙafata ta kai ni ɗakin Kaka. Tana kwance bisa tabarma ta buɗe ido ɗaya.

"Takwara, mi kika ɓoye cikin zane?"

Na fashe da kuka, na zayyana mata komai, tun daga surfe har gwangwanin tsakuwa. Na ɗauka ta yi fushi, sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya take, ba ƙarfi, tana yi tana tari.

"Ashe ke ce mai waƙar? To ni ga ni kwance da babbar malama a gida ban sani ba! In bakinki na da wannan ƙarhi, hita ki ce ruwa ya sauka, hatsi na ƙishi."

Na ce, "Kaka, ba wasa nike ba."

Ta ce, "Ni ma ba wasa nike ba. Bakina ne ke ɗaci, ƴar nan. Masassara ce, ta san ni na san ta tun ba a haifi ubanki ba."

Ta sa na zauna kusa da kanta, ta ba ni labarin sa'ar da take budurwa, in sun kai tallar man gujiya Maradi sukan tsaya ƙofar wani kanti inda ake kunna garmaho mai faifan waƙa. Su ma ba su jin yaren, su ma Hausa suka liƙa masa. Ta rera mini tasu da muryarta da ta dishe, wata magana ce a kan wani mai jaki da ya rasa hularsa, ta ce har aka yi mata aure ba ta ji wani mai jaki ya kawo ƙara ba. Da Baba ya dawo ta ce a sa mata waƙar jikarta, a sa da ƙarfi. Na toshe kunne ɗaya. Da aka zo wurin ta ɗaga hannu ta ce a maido, na juya da bik, aka sake, ta ce a ƙara. Sannan ta girgiza kai ta ce ita fa ba ta ji tuwo ko hura ba, abin da mutumin ke cewa shi ne, ƴan Tsibiri ku taho. Baba ya ce, "Inna, wane Tsibiri kuma a Zayir?" Ta ce, "Kai ka je can ka gani babu?" Matar baffana ta shigo ta ce ita tun farko sunan mijinta take ji a wurin, kunya ta hana ta faɗa. Aka yi ta gardama, waƙa na tafiya, na duba sai na ga yatsun ƙafar Kaka suna bin gangar ƙarƙashin mayafi.

Ba ta ci tuwo ran nan ba, ba zan ƙara gishiri ba. Sai bayan kwana uku ta nemi a ɗumama mata na jiya, ta ci loma huɗu, ina tsaye ina ƙirgawa. Ruwan kuwa na fita bayan gida na ce ya sauka kamar yadda ta umarta, har sau bakwai, bai zo ba sai da ya ga dama, bayan fiye da sati. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da duk wani lallashi. Kaka ta tashi, ta ƙara shekaru masu yawa, ita ta yi mini wankan jegon haihuwar fari. Duk sa'ar da aka aje mata akushi ina wurin sai ta dube ni ta ce, "Malama, in ci ko in ƙi?"

Yanzu ni ma an fara ce mini kaka. Lakwal ban wuce aji shida ba, rediyon Baba ya mutu tun da daɗewa, shi ma Allah ya yi masa rasuwa. Jikokina kowa da wayarsa, waƙa ɗari cikin abu kamar ƙwayar kankana, ta yau ba ta kai jibi sun gaji da ita. Mu kaset guda muka samu, muka ji shi har ya zama ɗan gida. Amma bara da aka yi bikin ɗiyar Zali, mai kiɗa ya gama sa na zamani, yara na ta tsalle, mu tsofaffi muna gefe bisa tabarmi, sai na ji jitar nan ta taso. Ba tuntuɓe ko ɗaya, tas da ita kamar jiya aka yi ta. Zali ta riƙe gwiwa ta miƙe, mata suka bi ta, kuma maimakon yaran su watse sai suka ƙara matsowa. Da ganga ta sake taki, fili gaba ɗaya, har waɗanda iyayensu ma ba a haifa ba a wancan lokacin, suka ɗauka da murya guda, kaka ta ƙi tuwo, a dama mata hura. Babu wanda ya waiwayo ni.

Babbar jikata ta ce in ina so za ta duba mini a waya ainihin abin da mawaƙin ke cewa, minti ɗaya ya isa. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na ce ta bari. Ina tsoron in tarar magana ce marar kyau na shekara arba'in ina bi, ina kuma tsoron in tarar babu Tsibiri a ciki, alhali mai gardamar ba ta nan balle ta kare kanta. Na fi so waƙar ta zauna yadda muka same ta, kowa da abin da kunnensa ke ji. Amma ni har gobe, in an zo wurin, a hankali nake cewa ci.