Mai Bin Sawun Dutse a Tashar Keffi

A tashar Keffi wata mata tana zaune kan buhun masara, kwamfuta a cinya, tana kare ta daga rana da gefen mayafi. Ƙafar tabarau ɗinta ɗaure take da zare. Ina jin malamar jami'a ce.

Ɗan kamasho ya leƙo ya dubi kwamfutar. "Hajiya, mota ta kusa cika, saura kujerarki, fim kike kallo?"

"Wani dutse nake bi a sararin samaniya. Masana a Chile suka ɗauko hotonsa, ni nake auna inda ya nufa, na Japan suna jiran lissafina."

Ya tuntsire da dariya. "Daga Keffi?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Daga kan buhun nan ma. Sa wani a kujerar. Wata motar za ta zo anjima, dutsen nan kuwa ba zai sake dawowa ba sai bayan shekara arba'in."