Ƙafar Baba ta Dama

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na Zongon Kwatano wannan ba ƙaramin kaya ba ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi magana a kaina sai ya ce "waccan", in kuwa dole ta sa ya yi da ni, sai ya kalli bango ya ce "ke". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta iyayenmu. Ana yaye ni aka miƙa ni ga yayarsa, Goggo, mai sayar da atamfa a Tokpa-Hoho, a hannunta na girma. Da na gama karatun jinya na sami aiki a wani ƙaramin asibiti a Gbégamey, ƙannena suka ce Baba har rago ya yanka. Ni dai ko sannu bai ce mini ba.

Aikina wankin ciwo ne, abin da mutanen nan suke ce wa fansama. A garin da rabin jama'a suke yini a bayan zem, baburan hayar nan masu rigar ɗorawa, ƙunar salansa ba ta yankewa a ɗakinmu. Na ga ƙunar da aka shafa wa man goge baki, na ga ta manja, na ga ta ɗanyen ƙwai, har ta man birki na gani. Ina da faɗa, ban ɓoye ba. Marasa lafiya suna cewa hannuna ya fi bakina taushi, ni kuma ina ce musu ai hannun suka zo nema.

Wata Juma'a cikin damina na je gaida Baba. Yana zaune a kan buzunsa a zaure, Goggo a gefe ta zo ganin gida. Tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini. Wanda ya yi aikin nan ya san warin ciwon da ya fara ruɓa, ba ya kama da komai, kuma turaren wuta ba ya rufe shi. Na duba, sai ga Baba da safa a ƙafar dama cikin wannan zafi, ƙudaje suna ta sauka a kanta.

Na ce, "Goggo, me ya sami ƙafar Baba?"

Ta ce ba komai, salansar zem ce ta ɗan taɓa shi a idon sawu, shi bai ma ji ba sai da ya ga wando ya manne. Wanzami ya ba da garin magani, tana barbaɗa masa, ciwo ai iska yake so ya bushe.

Bai ji zafin ba. Wannan kalmar ce ta tsinka mini zuciya. Baba ya daɗe da ciwon suga, tun yana jan kamiyo, babbar motar kaya, daga tashar jirgin ruwa zuwa Malanville. Mai suga in ƙafarsa ta daina jin zafi, ciwo yakan ci ta a ɓoye har ya kai ƙashi.

Na durƙusa na kai hannu ga safar. Goggo ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ce, "Ke, 'yar fari ce za ta kama ƙafar ubanta? A ina aka taɓa yi?"

Na ce, "A nan za a fara, Goggo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na zare safar. Ciwon ya kai faɗin murfin kwalbar zuma. Tsakiyarsa baƙi, gefensa rawaya mai yauƙi, ga garin wanzami ya daskare ya rufe ruwan a ciki. Fatar kewaye ta yi ja ta ɗau zafi har ƙwauri. Na ɗora yatsu a bayan ƙafar ina neman bugun jijiya, na same shi, yana nan amma da rauni. Shi ne abin da na riƙe na kwana da shi. Baba duk wannan lokacin bangon yake kallo, yana jan carbi.

Asibiti kam Baba ya ce ba shi ba zuwa. Wani abokin tuƙinsa ya shiga da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, tun daga nan ya yanke cewa can mahauta ce. Sai da na ajiye tasi a ƙofar gida na ce ba zan motsa ba, ko da unguwa za ta taru a kaina, sannan ya shiga don gudun abin kunya. Likita ya duba, ya cire mataccen nama, ya rubuta allurai da maganin suga, ya ja ni gefe ya ce ciwon bai kai ƙashi ba tukuna. In ya kai, daga ƙasan gwiwa za a yanke. Ya ce kullum a wanke da ruwan asibiti, a ɗaure, kada wani ruwa ya taɓa.

Na so in raba kaina da rigima. Na tura wa Baba abokin aikina, namiji, dattijo. Baba ya ba shi goro, suka yi hirar hanyar Parakou, ya sallame shi bai ko ga ƙafar ba. To, taurin kai ai ba a ƙasa na tsince shi ba. Washegari na ɗauki jakata na je da kaina.

Goggo ce ta nemo dabara. Ta kawo turmin atamfa daga rumfarta, ta ɗaura igiya a zaure ta rataya. Baba ya zauna a bayan labulen, ya miƙo ƙafar ta ƙasa, ni kuma ina wannan gefen. Haka muka yi ta yi, ni da ƙafa. In wanke da ruwan gishirin asibiti, in ɗebe abin da ya mutu, in auna faɗi da zurfi, in rufe da ɗan danshi yadda nama zai samu ya tsiro, in naɗe. In yana da magana sai ya ce, "Yaya, gaya wa waccan ta matse da yawa." Ni ma in ce, "Goggo, gaya wa Baba ya daina shayi mai suga, ina ganin kofin." Goggo ta ce mun mai da ita tafinta a kotu.

Da farko ciwon ya ji magana. Warin ya ragu, jan nama mai ɗigo-ɗigo ya fara leƙowa daga ƙasa, abin da duk mai jinya yake addu'ar gani. Daga nan sai ya tsaya cak. Gefen ya yi fari ya yi taushi, kamar yatsun wadda ta yini tana wanki. Ruwa ne yake shiga, babu tantama. Na tambaya, Goggo ta rantse in zai yi wanka a leda suke ɗaure ƙafar. Daga bayan labule kuwa ko tari ban ji ba.

Bandejin ne ya tona asiri. Ni daga yatsu nake farawa in hau sama, in kama da filasta. Wata safiya na tarar an naɗe shi tsaf, ya ma fi nawa kyau, amma an soke bakinsa a ciki irin naɗin rawani. Mutum ɗaya na sani a gidan nan mai wannan hannun. Nan take na gane. Baba yana kwance ɗaurin a kowace salla, ya wanke ƙafar har idon sawu don alwala, ya mayar a jiƙe. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji tsoro, don na sa tsinken auduga na ji ramin ya ƙara zurfi.

Ban ce komai ta bakin Goggo ba. Na gaji da tafinta. Da azahar na bar aiki na hau zem zuwa masallacin layinmu. An yi ruwa da safe, kwata ta cika ta malalo kan yashi, maza suna tsugune a jere a kan bulo da butocinsu. Ga Baba a cikinsu, ya kwance rabin bandejin ya rataya a gwiwa, buta a hannu.

Mace ba ta shiga wannan wurin. Na shiga. Na durƙusa a cikin caɓin da farar rigar aikina, na riƙe butar. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, 'yar wa ce wannan?" Na ce, "'Yarsa ce, ta fari."

Karo na farko ke nan da na kalli Baba ido cikin ido tun da na yi wayo. Ashe idanunmu iri ɗaya ne. Ya ce a hankali, "Ke, saki."

Na ce, "Ba zan saki ba, Baba."

Liman ya fito jin hayaniya. Da aka gaya masa abin da ake ciki, ya ce ai shari'a ta yi sauƙi, mai rauni shafa yake yi a kan ɗauri, alwalarsa ta cika. Baba ya ce ya sani, tun yana yaro ya karanta wannan. Sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce shi dai tun da ya balaga bai taɓa tsayawa gaban Ubangijinsa da ƙafar da ba a wanke ba, a hanya ma in ruwa ya yi ƙaranci ya gwammace ya hana kansa sha. Yanzu da tsufansa ne zai fara shafa kamar wanda ya kwanta ciwo?

Na ji tausayinsa ƙwarai. Amma tausayi ba ya tsirar da nama. Na ce, "Baba, in aka yanke ta, me za ka wanke?"

Goggo ta ce daga baya maganar ta zaga Zongo kafin la'asar, wai 'yar asibiti ta yi wa ubanta baki a gaban masallaci. Su faɗa. Abin da na gani da idona shi ne Baba ya sassauta hannu daga butar. Na ciro sabon bandeji daga jakata na ɗaure masa a nan, a gaban kowa. Ya jiƙa tafinsa, ya girgiza, ya shafa a kan farin ƙyallen sau ɗaya. Ya tashi ya shiga sahu, ni kuma na koma aiki da laka har gwiwa.

Washegari na tarar babu labule a zaure. Ba wanda ya ce shi ya cire. Baba ya miƙo ƙafar ya juya fuska ga bango kamar yadda ya saba, ni ma ban nemi fiye da haka ba. Ciwon ya ɗauki damina da rabin rani kafin ya rufe. Farin gefen ya tafi, jan naman ya cika ramin, sabuwar fata mai sheƙi ta yi ta matsowa daga baki zuwa tsakiya. Ranar da na ce yanzu ruwa zai iya taɓawa, sai ya ce wa Goggo, "Yaya, miƙo mini buta." Lokacin salla bai ma yi ba.

Goggo ba ta yafe mini ba har yau. Tana nan a rumfarta, ta tsufa, in aka yi zancen 'ya'yan zamani sai ta nuna ni da haɓa ta ce ga wadda ta zubar da kunya a bakin kwata. Nakan ce, "Na zubar, Goggo, kuma ban koma nema ba." In yau abin ya sake dawowa, butar nan zan sake kamawa, ko da limamin Makka ne a tsaye.

Baba ya ƙara shekaru yana takawa zuwa masallaci da ƙafarsa, kafin zuciya ta ɗauke shi wata safiya bayan ya karya kumallo. Har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, ni ma ban sa rai ba. Maza suka shiga yi masa wanka, mu mata muna tsakar gida. Da ƙanena ya fito, hannunsa a jiƙe, na tare shi a bakin ƙofa. Abu ɗaya na tambaye shi, ko da yake na san amsar. So nake in ji da kunnena, Goggo ma ta ji. Na ce, da kuka yi masa alwala, ƙafa nawa kuka wanke?

Ya ce, "Biyu, Yaya."