Shinkafar da ke Tafin Girdhari

Shekara arba'in Girdhari yana zaune a matakalar bakin kogin Ganga a garin Haridwar, yana jera furanni a zare yana sayar wa masu ibada. Yatsunsa sun rine sun yi ruwan ɗorawa, har sabulu ya haƙura da su. Ba mai magana ba ne. In ka gaishe shi, allura yake ɗaga maka.

Surutun gidan na matarsa Kaushalya ne, har ranar da ta faɗi a gaban murhu tana murza gurasa, ɓarin jikinta ya shanye. Tun daga nan shi ne wanka, shi ne ba ta abinci a baki, shi ne juya ta kada bayanta ya yi gyambo. A shekarar ya shiga cikin tsofaffin da ke zama da safe a bakin kogi a gaban Guruji Bhuvan, malamin yoga.

Guruji ya nuna masa yadda ake ƙulla niyya. A ɗora hannun hagu a cinyar dama, a zuba 'yan ƙwayoyin shinkafa a tafin, a kife hannun dama a kai.

"Ka faɗe ta a zuci kamar ta riga ta faru," in ji Guruji. "Kada kowa ya ji. Kuma ba riga ba ce, ba a canja ta. Ranar da ta cika ka zuba wa kogi shinkafar."

Sauran tsofaffin ba su ɗauki abin da zafi ba. Dinanat mai shayi kowane mako da tasa sabuwa, yau gwiwa, gobe suruki. Girdhari kuwa, da yake mutum ne mai bin magana tiryan-tiryan, shekara goma sha ɗaya niyyarsa guda ce: Kaushalya tana takowa bakin kogi da ƙafarta. In an tashi sai ya dunƙule shinkafar a hannu har gida, ya zuba a tukunyarta.

A damina ta rasu. Bai yi kuka ba, ko lokacin da wuta ta kama itacen da aka ƙone gawarta a kai a bakin kogi. Ya duba zuciyarsa bai iske baƙin ciki ba, bai iske sauƙi ba. Kwana goma sha uku na zaman makoki ya ci abin da aka ajiye masa, bai san ɗanɗanonsa ba.

Rana ta goma sha huɗu ya koma bakin kogi da askin makoki a kansa, don ƙafarsa ta saba.

"Ga mai furanni da sabon aski," in ji Dinanat, yana matsa masa a tabarma. "Zauna, tsoho. Kanka sai ƙyalli kamar butar shayina."

Ya zauna, ya zuba shinkafa a tafinsa. Hannayensa suka haɗu da kansu, maganar ma ta zo da kanta, kalma bayan kalma, kamar babu abin da ya faru.

Da aka buɗe ido ya ce, "Guruji, in niyya ba ta cika ba, kuma ba za ta cika ba fa?"

"Wace ce niyyar, ɗan'uwa?"

"Kai ka ce kada kowa ya ji."

"Yau na ce ka faɗa."

Ya faɗa, a muryar da yake faɗin sunayen furanni. Dinanat ya shafa kafaɗarsa.

"Ai ta zo kogin, Girdhari," ya ce a hankali. "Mu huɗu muka ɗauko ta."

"Na sani. Ina gaba."

Guruji ya nuna masa ruwa da haɓa. Girdhari ya sauka matakala uku, ya buɗe tafinsa. Shinkafar ta manne da gumi ta ƙi faɗuwa, sai da ya tsoma hannun ya kankare da yatsa. Ƙananan kifaye suka taso suka cinye. Ya tsaya yana jira ya ji wani abu, bai ji komai ba sai sanyin ruwa.

"Gobe ka zo da sabuwar shinkafa," in ji Guruji.

"In ƙulla me?"

Guruji ya hau naɗe tabarmarsa.

Girdhari ya bi hanyar gida, ya wuce rumfar furanninsa bai buɗe ba. Sai da ya tsaya a gaban murhu, kusa da ƙaramar tukunyarta, ya lura hannun hagunsa a dunƙule yake tun daga bakin kogi. Ya buɗe shi a kan tukunyar. Babu komai a ciki.