Jakin Kaka da Allurar Katkat

Shekarar da fari ya cinye mana gona da dabbobi, Kaka ce kaɗai ba ta fasa al'adarta ba. Da an yi magariba sai ta sa mu zaro kara daga danga, mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Ba kullum ake ɗora tukunya a wutar ba, amma tatsuniya ba ta yanke ba. Ƙauyenmu yana can cikin daji bayan Sae Sabuwa, kuma ya kusa zama kufai. Masu ƙarfi sun bi hanya da ƙafa. Mu muka rage, da ɗan gero a gindin rumbu, da tsohuwar da kullum ƙara ramewa take.

Abin haushin, muna da mota. Baba direba ne, yana da tsohuwar katkat, irin motar jejin nan mai ratsa yashi, da ɗan man da zai kai mu Gidan Rumji inda ake rabon hatsi. Sai dai rairayi ya binne hanya, itatuwan da yake gane mararraba da su an sassare wa dabbobi. Abin da ya rage masa shi ne kwantar, agogon da ke nuna gudu da nisan da aka ci. Ita kuwa ta koyi ƙarya. Ran da ya ɗauko gangunan ruwa, allurar ta yi rawa ta faɗi, lambobin suka tsaya cak. Washegari ya zagaya gari da motar ba kaya, allurar tana aiki sumul. Ya kwance agogon ya busa, ya zare wayarsa ya shafe da mai, ya mayar. Kowane gwaji man tafiyarmu yake sha.

Inna ta ce, "Malam, mu tahi hakanan mana. Geron ga ba ya kai mu ko'ina."

Ya ce, "In na ɓace mararraba cikin dajin ga, wa ka kawo muna mai? Ban kai ɗiyana ga ƙishirwa."

Haka muka zauna, ga mota a ƙofar gida ga yunwa a ciki. Wallahi na tsani allurar nan kamar mutum ce.

Baba shi ne ɗan farin Kaka, saboda haka kunyarsa take ji. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, balle ta kai masa kuka. In ya zo gaisuwa sai ta miƙe zaune, ta gyara kallabi, ta amsa da ƙarfi. Yana juya baya ta jingina da bango tana haki.

Wani maraice Baba yana zaune kan taya, ba nisa da wutar, Kaka ta taɓa ni da sanda. "Ke ƙawata, rufe bakin, ƙuda za ya shiga. Ga wata tatsuniya nan tahe, ku matsa mata wuri."

Wai wani mutum ne da jakinsa. In sun taso daga rijiya sai jakin ya yi ta ɗingishi, in an kai shi wurin mai ɗori sai ya taka ƙasam-ƙasam kamar doki. Mai ɗori ya duba kofato, ya duba gwiwa, ya ce lafiyarsa ƙalau, lalaci ne. Suka yi ta haka har wata tsohuwa ta tare mai jakin a hanya.

Kaka ta sassauta murya. "Ta ce mishi, jakin ga kunya gare shi, ba ya nuna ciwo gaban mutane. Aza mishi kayanshi, ka koma baya ka duba, kar ya san kana kallo."

Muka ce, "Sai me, Kaka?"

Ta ce, "Nan ta kwanta. Ni ma na gaji."

Da safe Baba ya cika gangunan da yashi, ya loda su, ya kwanta ƙarƙashin motar. Ashe in nauyi ya hau, jikinta sauka yake ya matse wayar da wani ƙarfe, sai abin da ke juyawa a cikinta ya tsaya. Ya janye ta gefe ya ɗaure da roba. Ranar muka tashi, allurar ba ta ko girgiza ba har Gidan Rumji. Kaka ta sauka da ƙafarta a gaban jama'a. Amma cikinta ya riga ya daina karɓar ko kunu, ba ta daɗe ba ta rasu.

Shekara da shekaru a gidanmu ana ba da labarin yadda Kaka ta gyara mota da tatsuniya, ana dariya, har da ni. Sai da nawa ɗan farin ya girma, ya shigo gaishe ni ina fama da zazzaɓi, na ga na miƙe zaune ina gyara kallabi. Ranar na yi kuka sosai. Ba don mota ta yi tatsuniyar nan ba. Roƙon ɗanta take ya dube ta lokacin da ba ta san ana kallo ba. Baba ya ji kowace kalma, ya tashi da sassafe, ya shiga ƙarƙashin mota.