Ƙaiƙayin da Ban Shimfiɗa Ba

A Zauro na girma, a hannun kakata Inna Kulu. Bayan magariba takan zauna bakin murhu tana watsa ƙaiƙayin shinkafa a wuta don hayaƙi ya kori sauro, mu jikoki mu kewaye ta. Labarin da muka fi roƙo shi ne na motar katako da ta fara bin hanyar Argungu.

"Ku matso, ga mota ta iso," in ji ta. "Wagga mota tana da wasu ƙarafa ƙarƙashinta, sifirin, masu lanƙwasawa in an faɗa rami don jikin mutum shi huta. Sai direba ya cusa masu guntun icce don kar su lanƙwashe, shi samu ƙara buhuna." Sai ta miƙe tana karkaɗa jiki, tana haɗa haƙora kamar mai zazzaɓi, mu yi ta dariya har da hawaye.

A cikin labarin, wata maginiyar tukwane mai tsohon ciki ta hau motar za ta kasuwa. Ta cika kowace tukunya da ƙaiƙayi, ta shimfiɗa sauran a ƙarƙashinsu, ita kuma ta zauna a kan katako tsura. Tukwane suka isa Argungu, ko ɗaya ba ta tsage ba. Nan muke tafawa.

Sau ɗaya yayata ta ce, "Inna, matar fa?"

"Ku tashi, wuta ta mutu," in ji ta. Wutar kuwa tana ci.

Na yi aure, na haifa, na tsufa. Ran nan mijina Malam Umaru ya faɗo daga kan rumbu, bayansa ya bugu. Motar da aka samu don kai shi asibiti a-kori-kura ce ta ɗaukar shinkafa. Direban bai ɓoye mini ba, ya ce, "Baba, na ƙara mata ƙarfe a sifirin saboda kaya. Tana bugu fa." Ga ƙaiƙayi tuli a ƙofar gidanmu, buhu biyu sun isa katifa. Na tsallake shi da ƙafata, na shimfiɗa tabarma.

A kowane rami sai ya damƙe hannuna. "Hajo, ce mai shi yi sannu." Da muka tashi yana motsa yatsun ƙafa. Kafin mu shiga Birnin Kebbi ya ce ba ya jin su. Kwana shida ya yi, ya cika.

Yanzu ina unguwar Badariya a Birnin Kebbi, wajen ɗana. In ya ɗauke ni a motarsa sai ya ce, "Inna, kin ji rami kuwa? Ko ruwa a kofi ba ya zuba." Nakan juya fuskata waje.

Kai mai rubuta mini, rubuta wannan yadda na faɗa. Sai da na shiga takaba na tuna Inna Kulu ta yi ginin tukwane a ƙuruciyarta, kuma ba ta taɓa yin dariya tare da mu ba. Ta ba ni labarin nan ya fi a ƙirga. Ni dariyar kawai na ɗauka.